Tsarin Kira da na Data: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Sa Kati

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai cajin waya ranar da kasuwar Talata Mafara ke ci, ya san irin maganar da ake yi a wurin. Mutum ya taso daga Garbadu ko Morai, ya sayar da ɗan hatsinsa, ya ware naira ɗari biyar ya ce a sa masa kati. Nan take saƙo ya shigo da Turanci, yaron shagon ya duba ya ce, "Baba, ai sun ba ka kyauta, kuɗinka sun koma dubu biyu." Dattijo ya yi murna ya sa wayarsa aljihu. Wata Talatar sai ga shi ya dawo rai a ɓace: "Yaro, mutanen nan sun cinye mani kati. Kira nawa na yi?"

Yaron ba ƙarya ya yi ba, dattijon ma ba ƙarya yake yi ba. Ciniki aka ƙulla da shi ba tare da ya ga mudun da za a auna masa ba. A kasuwar hatsi babu mai yarda da haka. Kafin a yi maganar gyara, sai an ga tiya, an san farashinta. A cinikin kati kuwa an juya abin: gyara ake fara nuna maka da manyan baƙaƙe, farashin tiyar yana can ƙasa cikin ƙananan rubutu. Kan tsarin kuma an liƙa wani suna mai daɗin ji wanda ba ya gaya maka komai.

Sunaye sun fi ƙarfin mai waya

A watan Agustan 2001 wayar salula ta fara aiki a Najeriya, da kamfanonin MTN da Econet. A lokacin layi kaɗai yakan kai naira dubu ashirin, minti ɗaya kuma naira hamsin. Ko gaisuwa kawai ka yi ka kashe, kuɗin minti cikakke za a cire. Sai a 2003 da Glo ya shigo da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sauran suka bi sahu. Tun daga nan gasa ta kankama, kuma kowane kamfani ya gane cewa rage farashi a fili yana da ciwo, ƙirƙiro sabon suna da sabuwar garaɓasa ya fi sauƙi.

Su kansu kamfanonin ba su zauna da suna ɗaya ba. Layin da aka saya da sunan Econet ya koma Vmobile a 2004, ya koma Celtel a 2006, ya zama Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Shi ya sa har yau za ka ji wani dattijo yana cewa "layina na Zain". Etisalat da ya zo a 2008 ya koma 9mobile a 2017, a 2025 kuma ya sake suna zuwa T2.

To, balle sunayen tsare-tsare. A MTN an ji BetaTalk da Pulse da TruTalk da XtraValue da XtraSpecial da YafunYafun da Awuf4U. A Airtel akwai SmartConnect da SmartTalk da SmartTrybe da SmartPremier da Ovajara. A Glo an yi Yakata da Berekete da Jollific8 da Infinito. A 9mobile an yi Moretalk da Morecliq da Moreflex. Wasu suna nan har yanzu, wasu an soke su, wasu an bar sunan an canja abin da ke ciki.

Ku dubi sunayen da kyau. Wasunsu Turanci ne da aka karya rubutunsa da gangan, wasu kuma Turancin buroka ne na Kudu. YafunYafun da Berekete duk suna nufin abu mai yawa. Awuf na nufin abin banza, wanda ba a biya ba. Ovajara kuwa gyara ce wadda ta wuce kima. Babu ɗaya a cikinsu da ya ce maka ga kuɗin minti, ga ranar ƙarewa. Ko ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Mafara, da duk bokonsa, ba zai iya gane bambancin SmartTalk da SmartConnect daga sunan kawai ba. Saboda haka wanda bai gane ba kada ya ɗauka rashin karatunsa ne. Sunan talla ne, ba a yi shi don bayani ba.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Yawancin rikicin yana tasowa ne daga haɗa abubuwa uku da suka sha bamban.

Na farko shi ne tsarin kira. Wannan shi ne gindin layinka, shi ke yanke nawa za a cire maka a kowace daƙiƙa idan ka kira, da nawa a kowane saƙo. Kowane layi yana kan tsari ɗaya, ko mai shi ya sani ko bai sani ba. Sabon layi yana zuwa ne a kan tsarin da kamfani ya ɗora shi, kuma mutane da yawa sun shekara biyar ko goma a kan tsarin da ba su taɓa zaɓa ba.

Na biyu shi ne ƙunshi, wato abin da kake saye dabam a kan tsarinka: data ta kwana ɗaya, ta mako, ta wata, ko mintunan kira da aka ƙulle a farashi guda. Ƙunshi yana da ranar mutuwa. In ranar ta zo, ko ka taɓa shi ko ba ka taɓa ba, ya tafi, sai fa in ka sabunta shi cikin lokacin da aka ba ka.

Na uku ita ce garaɓasa, wadda ake kira bonas. Ita kyauta ce da sharaɗi, kuma tana zaune ne a wani aljihu dabam, ba tare da ainihin kuɗinka ba. Idan ka duba ragowar kuɗi ka ga lambobi biyu ko uku a jere, ɗaya ne kawai kuɗinka na gaske. Shi ne za ka iya tura wa wani, ko ka sayi data da shi. Sauran ba a tura su, galibi ba a sayen data da su, kuma kwanakinsu ƙidayayyu ne.

Lissafin kwabo

Kamfanoni suna faɗin farashin kira da kwabo a kowace daƙiƙa. Kwabo kuwa ya daɗe da ɓacewa a hannun mutane, shi ya sa idan aka ce kwabo 23 sai a ji kamar ba kuɗi ba ne. Ga yadda ake mayar da shi abin da kai zai ɗauka: a ninka adadin sau sittin, tunda daƙiƙa sittin ke cikin minti, sannan a raba da ɗari, tunda kwabo ɗari ke cikin naira.

Kwabo 11 a daƙiƙa ya zama naira 6 da kwabo 60 a minti. Kwabo 23 ya zama naira 13 da kwabo 80. Kwabo 45 ya zama naira 27. Wanda yake kan kwabo 45 yana biyan kusan ninki biyu na wanda yake kan kwabo 23, alhali kati iri ɗaya suka saya a shago ɗaya.

Akwai wata dabara kuma. Wasu tsare-tsaren masu araha ba sa fara arahar sai ka cika wani sharaɗi a kowace rana. Ko dai a caji minti na farko ko ɗaya da rabi da tsada sannan sauran kiran ranar su sauko, ko kuma a cire wani ɗan kuɗin shiga da zarar ka yi kiran farko. Ga dillalin shinkafa da ke yini yana waya da manoman Bakolori da direbobi, wannan riba ce, don da safe zai wuce sharaɗin ya yini cikin araha. Ga tsohuwar da ke kiran ɗiyarta sau ɗaya a rana ta ji lafiyar jikoki ta kashe, hasara ce tsantsa: kullum a cikin minti mai tsadar take farawa, a cikinsa take gamawa. Tsari ɗaya, ya yi wa wani daɗi ya cuci wani. Saboda haka amsar "wane tsari ya fi kyau" tana wurin yadda kai kake kira.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Mu dawo kan dattijonmu da dubu biyunsa. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, kuɗin garaɓasa ba da mudun da ake auna kuɗin gaske ake auna su ba. Tsare-tsaren da suka fi yawan kyauta su ne galibi suka fi tsadar daƙiƙa, kuma idan daga aljihun kyautar ake cira, farashin yakan ƙara hawa.

Ga misali don a gane, ba farashin wani kamfani ba ne. Audu ya sa katin naira 100 a tsarin da babu kyauta, ana cire masa kwabo 20 a daƙiƙa. Zai yi magana ta daƙiƙa 500, wato minti takwas da daƙiƙa ashirin. Tanko ya samu kyautar naira 300, amma ana cire kwabo 60 a daƙiƙa daga cikinta. Shi ma daƙiƙa 500 zai samu. Ɗari ukun Tanko da ɗarin Audu abu ɗaya ne a kunne. Lambar ce kawai ta kumbura.

Wannan ba ya nufin garaɓasa ba ta da amfani. Tanko yana da ainihin kuɗinsa a gefe, don haka in ya cinye kyautar kafin ta mutu, ya ƙaru. Matsalar ita ce kwanakinta kaɗan ne, sau da yawa mako guda ko kusa da haka. Wanda ke lallaɓa kati ya kai shi wata, kyautar za ta mutu a hannunsa, a bar shi da farashi mai tsada a kan ainihin kuɗinsa. Ga mai lallaɓa kati, tsari marar kyauta mai sauƙin daƙiƙa ya fi. Ga mai sa kati yau ya ƙarar jibi, tsarin garaɓasa na iya yi masa rana.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: daga wane aljihu ake fara cira? A wasu tsare-tsaren sai ainihin kuɗinka sun ƙare ake taɓa kyautar, a wasu kuma kyautar ake fara ci. Wanda bai san wannan ba, zai ga har yanzu akwai "dubu ɗaya" a layinsa, ya je sayen data a ce masa ba ya da kuɗi.

Ina data ke tafiya?

Kukan matasa kuwa na data ne: "An zuƙe min data." Ita ma tana da nata ruɗanin. Ana auna ta da megabait da gigabait, kuma gig ɗaya ya kai mega dubu ko ɗoriya kaɗan. Amma ba kowane gig ne gig ba. Idan aka ce an ba ka gig uku, a duba a gani. Mai yiwuwa ɗaya ne kawai na kowane lokaci, ɗaya na dare ne wanda ba ya aiki sai tsakar dare zuwa asuba, ɗayan kuma na wata manhaja ce kaɗai kamar YouTube. Akwai kuma data mai araha da ba ta buɗe komai sai WhatsApp ko Facebook ko TikTok. Wanda ya saye ta ya danna wani adireshin da aka turo masa, ya fita daga hurumin da ya biya, sai a koma kan katinsa.

Wannan komawa kan kati ita ce babbar ɓaraka. Idan data ta ƙare, waya kuma tana buɗe, wasu layukan sukan ci gaba da hawa intanet da kuɗin kira, a farashin da ya ninka na ƙunshi nesa ba kusa ba. Cikin ɗan lokaci sai kati ya tafi, mai shi bai kira kowa ba.

Ita ma wayar tana da nata laifin. Babbar waya tana aiki ko tana aljihu: tana sabunta manhajoji, tana sauko da hotuna da bidiyon da ake turawa a zaurukan WhatsApp, tana kunna bidiyo da kanta a Facebook. Bidiyo shi ne babban maciyi. Kallon awa ɗaya mai kyawun hoto na iya cinye gig guda ko fiye. Inda sabis ya fi ƙarfi kuma, wayar takan zaɓi hoto mafi kyau da kanta, sai datar ta fi saurin ƙarewa. Shi ya sa wanda ya saba data ta kai shi mako a ƙauye, in ya shiga Gusau ko Sakkwato sai ta ƙare masa a kwana biyu, ya ce an cuce shi. Maganin yana cikin saitin waya: a hana ta sauko da bidiyo da kanta, a hana manhajoji sabunta kansu, a rage kyawun bidiyo, a kashe data in ba a amfani da ita. A kuma lura da wanda aka jona wa data ta hotsifot, don shi ba ya jin zafinta.

Ƙananan ɓarakoki

Bayan waɗannan akwai hanyoyi huɗu da kati ke zurarewa a hankali.

Ta farko, hidimomin da ake shiga ba a sani ba: waƙar da mai kira ke ji, labaran ƙwallo, wasannin cin kyauta, saƙonnin nasiha. Talla ta faɗo a fuskar waya, mutum ko yaron da ke wasa da wayar ya danna maɓallin amincewa don ta kauce, shi ke nan an shiga. Daga nan kullum ko kowane mako ana zarar naira ashirin, hamsin. Wannan ya fi kama masu ƙananan wayoyi da matan da ke ba yara wayarsu.

Ta biyu, sabuntawa da kai. Ka sayi data ta mako sau ɗaya, ka amsa tambayar da ba ka karanta ba, to duk mako da an ga kuɗi a layinka za a sake saya maka.

Ta uku, bashin kati. An saba cire kashi goma sha biyar cikin ɗari tun a farko: ka ranci naira 100 a ba ka 85, in ka sa kati a cire 100 cif. Wanda ya manta ya ci bashi, ya sa kati ya ga babu, sai ya ce sata aka yi masa. Malamai ma sun yi ta magana a kan hukuncin wannan ƙarin, kuma ko ba don haka ba, bashi ne mai tsada ga wanda ya mayar da shi ɗabi'a.

Ta huɗu sabuwa ce. Tura kuɗi ko duba asusun banki ta lambobin da ake dannawa a ƙaramar waya yana da caji na naira 6 da kwabo 98. Da daga asusun banki ake cirewa, amma tun tsakiyar 2025 aka koma cirewa daga katin waya. Ɗan kasuwar da ke duba ko kuɗi sun shigo sau goma a rana ya kashe kusan naira saba'in bai kira kowa ba.

Me hukuma ta yi?

Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke sa ido a kan kamfanonin nan, ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003. Ita kanta ta yarda cewa tsare-tsaren sun yi yawa har sun ruɗa jama'a, domin in aka haɗa na kira da na data a dukan kamfanoni, ɗaruruwa ne. A watan Yulin 2024, ƙarƙashin shugabanta Dakta Aminu Maida, ta fitar da ƙa'idar sauƙaƙa farashi. Ƙa'idar ta ce kada kamfani ya wuce tsarin kira bakwai, kada ƙunshinsa su wuce ɗari, kuma dole ya bayyana farashi da kwanakin aiki da sharuɗɗan garaɓasa a fili, cikin harshen da mai saye zai gane. Wannan ci gaba ne. Sai dai ƙunshi ɗari a kamfani guda har yanzu kasuwa ce guda, kuma saƙonnin da ke shigowa waya da Turanci suke zuwa.

Ranar 20 ga Janairun 2025 kuma hukumar ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi hamsin cikin ɗari ba. Kamfanonin ninki suka nema, suna kukan tsadar man dizal da suke kunna injinan turakunsu da shi, da faɗuwar darajar naira, da cewa rabon da a taɓa farashin tun 2013. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6. A lokacin ne aka sauya farashin ƙunshi da yawa, aka soke wasu. Don haka duk abin da mutum ya sani game da tsarinsa kafin 2025, ya sake tambaya, tsohon lissafi ne.

Araha ba sabis, hasara ce

A yankin Mafara da Bakura da Maradun akwai tambayar da ta riga ta farashi: wane layi ne ke kamawa a garinku? A wasu ƙauyukan sai an hau tudu ko an je gindin wata bishiya da kowa ya sani kafin a samu sabis. Turken sadarwa yana buƙatar mai da gyara, kuma inda hanya ba ta da aminci, masu kai man ba sa zuwa a kan kari. Kwanakin ƙunshi kuwa ba sa jiran sabis. Ka sayi data ta mako, sabis ya ɗauke kwana huɗu, ranar ƙarewarta tana nan inda take.

Mutanen Zamfara sun ɗanɗani wannan fiye da kowa. A farkon Satumban 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. An buɗe Gusau a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Mutane sun riƙa shiga mota zuwa Funtuwa ko Sakkwato don kiran waya kawai. Wanda ya ga wannan ya san kati ba kayan ƙawa ba ne a nan. Da shi ake tambayar lafiyar hanya kafin a kama ta, da shi ake neman mai babur in mace na naƙuda, da shi ake jin farashin hatsi kafin a ɗaura buhu. Katin da ya zurare a banza na iya zama wanda za a nema da tsakar dare a rasa.

Saboda haka mai zama a inda sabis ke yawan ɗaukewa ya guji ƙunshi mai gajeren kwana sai ranar da ya tabbata zai yi amfani da shi. Ya ajiye ainihin kuɗi a layinsa, su ba sa mutuwa da mako. In kuma wani kamfanin ya fi kamawa a garinsu, ba sai ya jefar da lambar da kowa ya san shi da ita ba. Tun 2013 doka ta ba da damar a koma wani kamfani da lamba ɗaya. Ana zuwa ofishin sabon kamfanin ne da shaidar zama ɗan ƙasa, su cike takarda, a tura saƙo zuwa 3232.

Lambobin da ya kamata a haddace

Wani sauƙi da aka samu shi ne, tun 2023 an daidaita lambobin hidima, sun zama iri ɗaya a kowane layi:

*310# don duba ragowar kuɗi.
*311# don sa kati.
*312# don sayen data.
*323# don duba ragowar data.
*303# don rance.
*321# don tura wa wani kati ko data.
*305# don dubawa da soke hidimomin da ke cin kati.
300 don magana da ma'aikatan kamfani. Kyauta ne, kuma ana iya zaɓar Hausa.
2442: a tura kalmar STOP zuwa wannan lamba don tsayar da saƙonnin talla.
622 don kai ƙara ga hukumar NCC. Shi ma kyauta ne.

Ƙorafi yana da tsari. Kamfani ake fara kira a 300, a faɗi ranar da abin ya faru da adadin da aka cire, sannan a nemi lambar ƙorafi a rubuta ta. In ba su warware ba, sai a kira 622 a ba da wannan lamba. Kada a goge saƙonnin da kamfani ya turo, su ne shaida. A kuma kiyaye: ma'aikacin kamfani na gaskiya ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirrin banki ko lambar da aka turo masa ta saƙo. Duk wanda ya kira ya ce ka ci kyauta, ka karanto masa wasu lambobi, ɗan damfara ne.

Tambayoyi biyar kafin a amsa

Duk lokacin da aka tallata maka tsari, ko a rediyo, ko ta saƙo, ko yaron shago ya ce "bari in mayar da kai wani mai kyau", ka bar sunan a gefe ka yi waɗannan tambayoyi. Kwabo nawa ne a daƙiƙa, kuma farashin ɗaya ne daga farkon kira zuwa ƙarshe? Akwai kuɗin da ake cirewa kullum? Kyautar kwana nawa take yi, kuma da wane farashi ake cin ta? Datar ta kowane lokaci ce, ko ta dare, ko ta wata manhaja? Zai sabunta kansa? Wanda ya kasa amsa maka waɗannan, ka dakata, ba a cinikin biri a sama. A sani kuma, canja tsari karo na farko yawanci kyauta ne, amma in aka sake canjawa cikin wata ɗaya akan caji mutum.

Kamfanoni suna da nasu nauyin. Suna da miliyoyin masu hulɗa da Hausa kawai suke karantawa ko ji. Tunda sun iya yin talla da Hausa a gidajen rediyo, sun iya turo sharuɗɗan ma da Hausa, su faɗi minti nawa kati zai yi maimakon su kumbura lamba. Hukuma kuma ta bi ƙa'idar da ta kafa har ƙauye, kada ta tsaya a takarda.

Kafin a kai ga haka, aikin yana hannun masu cajin waya da masu sayar da kati da 'yan makarantar da ke cikin gidaje, domin su ake miƙa wa waya a ce "duba mani". In Baba ko Inna ta miƙo maka wayarta, kada ka tsaya a karanta mata kyautar da aka ba ta. Ka danna *305# ka soke abin da ke cin katinta, ka kira 300 ka tambayi tsarin da take kai da kwabon da ake cire mata, in bai dace da yadda take kira ba ka canja mata. Aikin minti biyar ne, kuma zai tsare mata kuɗin da ta sha wahala kafin ta samu.